Yadda ake ziyarar gidan tarihin jiragen ruwan yaƙi da masu nutso, ga mai tashi daga Yamai

Wanda ya tashi a Yamai ya san ruwa gwargwadon kogin Isa: kwale-kwalen masunta, da masu sauke kabewa a gindin gadar Kennedy, da dorina in an yi sa'a. Teku kuwa sai an ci kilomita fiye da 1,000 kafin a gan ta a Kwatano. Shi ya sa da yawa cikin namu, ɗalibai da ƴan kasuwa da masu rakiyar marar lafiya, in suka samu kansu a garin da ke da gidan tarihin sojan ruwa, sai su shiga su fito cikin rabin awa da hotuna hamsin a salula, in ka tambaye su me suka gani su ce ƙarfe ne da bututu. Jirgin yaƙi yana son a zo masa da tambayoyi a kai, a fara da waje kafin ciki, a kuma bi ɗakunansa ɗaya bayan ɗaya.

Zaɓen gida da rana

Ka fara da garin da tafiyarka ta riga ta kai ka. Ga mutumin Nijar a yanzu, Santambul ta fi sauƙin isa, tunda akwai jirgin Turkish Airlines daga filin Diori Hamani. Gidaje biyu ne a can. Na farko shi ne gidan tarihin sojan ruwa, Deniz Müzesi, a unguwar Beşiktaş, wanda aka kafa tun 1897. Abin da ya fi tsayar da mutum a cikinsa shi ne dogon jirgin sarakunan Usmaniyya mai filafilai 24 a kowane gefe, tsawonsa kusan mita 40, mutum uku a kan kowane filafili, wato matuƙa 144. Kabarin Barbaros Hayreddin Pasha, babban kwamandan ruwan daular da ya rasu a 1546, yana nan dab da gidan, masallacin Sinan Pasha kuma tsallaken titi ne, don haka maganar alwala da azahar ta zo da sauƙi. Na biyu shi ne gidan Rahmi Koç a unguwar Hasköy, inda a da aka ɗaure jirgin nutso Uluçalireis a bakin ruwa, kafin a mayar da shi gidan tarihin sojan ruwa na garin Çanakkale. Amurka ce ta ƙera shi a 1944 da sunan Thornback, ta ba Turkiyya a 1971.

Faransa ta fi yawan irin waɗannan gidaje, sai dai samun biza ya yi wuya tun da ofishin jakadancinta na Yamai ya rufe a farkon 2024. Ga wanda yake can ko yake da takardu, a Paris akwai Musée national de la Marine a dandalin Trocadéro, wanda aka sake buɗewa a Nuwamba 2023 bayan gyara na shekaru, da kuma ƙaramin jirgin nutso Argonaute da ke kan tudu a La Villette, kusa da tashar metro ta Porte de la Villette a layi na 7. Babban kuwa yana Cherbourg, a Cité de la Mer: Le Redoutable, jirgin nukiliya mai ɗauke da makamai masu linzami na farko da Faransa ta mallaka. Daga tashar Saint-Lazare ta Paris tafiyar awa uku ce da ɗoriya a jirgin ƙasa. Masu zuwa Indiya suna da Kursura a bakin tekun Visakhapatnam, a maƙwabta kuma gidan tarihin yaƙi na Umuahia a Najeriya yana da jirgin yaƙi NNS Bonny, amma shi ba mai nutso ba ne.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin taksi a banza shi ne zuwa ranar hutu. Gidajen Santambul biyun nan da na La Villette suna rufe ranar Litinin, na Trocadéro kuwa ranar Talata. Ka buɗe shafin gidan a intanet daren da za ka je, ka duba abu uku: lokacin shigar ƙarshe, wanda yakan riga lokacin rufewa, ko jirgin kansa a buɗe yake (ƙarfen da ke cikin ruwa yana tsatsa, akan rufe shi don gyara alhali sauran gidan na aiki), da ƙa'idar shekarun yara. A Le Redoutable ba a shiga da yaron da bai kai shekara 5 ba. A wasu gidajen tikitin jirgin nutso daban yake da na ƙofa, kuma ana shiga rukuni-rukuni bisa awa. In haka ne, da isarka ka kama awarka tukuna, sannan ka cika jiran da kallon zauruka. Lissafin kuɗi a Faransa ba shi da wuya: yuro ɗaya sefa 656 ne, yuro 10 ya haura jika shida da rabi kaɗan. Ɗalibi ya riƙe katinsa na makaranta, ana yawan yin rangwame.

Tufafi da kaya

Wannan ba wurin babbar riga ba ne. Hanyar cikin jirgin nutso faɗin kafaɗa ce, kowane gefe da makunni da hannun famfo da ƙugiya, kuma shadda in ta kama ɗaya sai ta yage ko ta kwashi baƙin mai. Wando da riga mai kama jiki sun isa. Hajiya ta sa hijabin da bai wuce gwiwa ba, ko ta tattare dogon ta ɗaure, da wando a ƙarƙashin zane saboda tsani. Takalmi ya zama rufaffe mai tafin roba. Silifa tana zamewa a kan matakalar ƙarfe, mai tsini kuma yana maƙalewa a ragar daɓe. Hula mai tsayi a riƙe ta a hannu.

Jakar goyo a bar ta a ma'ajiyar gidan. Wuƙar aljihu, almakashi da reza a bar su a masauki, don ana binciken jaka a ƙofa. Babu makewayin masu ziyara a cikin jirgin, a kewaya kafin a shiga, musamman yara da tsofaffi. Cherbourg gari ne na iska da yayyafi ko da a watannin zafinsu, mutumin Yamai ya tafi da rigar sanyi. A Santambul kuma bayanan allo da Turkanci da Ingilishi suke, mai Faransanci zai tsaya yana kallon rubutu. Maganin shi ne a sauke manhajar fassara mai karanta hoto tun a masauki, tare da harshen Turkanci, don ta yi aiki ba intanet, tunda cikin ƙarfe layi ba ya shiga sosai.

Akwai wanda bai kamata ya shiga ba, kuma ba abin kunya ba ne: mai firgita a matsattsen wuri, mai ciwon gwiwa mai tsanani, mai tsohon ciki. Hanyar ɗaya ce, ana shiga ta wata ƙofa a fita ta wata, mutane na biye da kai, juyawa a tsakiya wahala ce ga kowa.

Zauren samfura

Kafin jirgin gaske, ka ba zauren ƙananan samfura kamar awa ɗaya. Kada ka bi akwatunan gilashi duka, gajiya za ta kama ka kafin abin da ka zo gani. Ka fara neman ma'aunin da aka rubuta a gindin samfurin. In an sa 1/100, santimita ɗaya a gabanka mita ɗaya ne a teku, samfuri mai tsawon hannunka jirgi ne mai mita 70 ko kusa da haka. In babu wannan lissafi a kanka, sai ka ga ƙaramin jirgi ya fi babba girma don kawai ma'auninsu ya bambanta.

Daga nan ka bi zare ɗaya: me ke tura jirgin, da me aka yi jikinsa, ina aka dasa bindigoginsa. Jiragen filafili suna yaƙi da goshi da kuma mutanen da ke tsallakawa da takobi, kuma matuƙansu sau da yawa bayi ne da fursunoni. A Trocadéro akwai sassaƙen zinariya na bayan jirgin La Réale na sarki Louis na 14, ka tuna da waɗanda ke ɗaure a ƙarƙashin wannan ado. Jiragen tanti na katako sun jera igwa a gefe hawa-hawa, shi ya sa ake kiransu da yawan igwarsu, mai 74 ko mai 118, kuma dole su juya gefe kafin su yi harbi. A 1859 Faransa ta fito da La Gloire mai sulken ƙarfe a kan katako, Ingila ta amsa da Warrior a 1860. A 1906 Dreadnought na Ingila ya zo da manyan bindigogi iri ɗaya a kan hasumiyoyi masu juyawa, ya mayar da duk na gabansa tsoffin yayi. Bayan haka jirgin sama ya shigo, mai ɗaukar jirage ya karɓe sarauta. Samfuri biyar ko shida sun isa su nuna maka wannan, sauran ka wuce su da sauri.

Kalmomi kaɗan za su yi ta maimaituwa a allo. Gudu ana auna shi da nœud, kilomita 1.852 a awa, don haka jirgi mai 20 yana yin kilomita 37 ne a awa, ɗan kabu-kabu ya fi shi sauri, amma shi ba ya tsayawa dare da rana. Nauyin da ake rubutawa da tan shi ne nauyin ruwan da jirgin ya ture. Jirgin nutso yana da lamba biyu, ta kan ruwa da ta ƙarƙashi, bambancinsu shi ne ruwan da yake sha don ya nutse. In kana fuskantar goshi, hagu ita ce bâbord mai jar fitila, dama tribord mai koriya. In ka ga an ambaci Dakar a Satumba 1940 da jirgin Richelieu, ko saukar Provence ta 15 ga Agusta 1944, ka dakata ka karanta, tarihin yankinmu ne, sojojin Afirka na cikin waɗanda aka sauke a wannan gaɓa.

Zagaya jirgin ta waje

Mutane suna gaggawar shiga, alhali rabin bayanin yana waje. Inda jirgin yake a kan tudu ko a busasshen rami, kamar Argonaute da Le Redoutable, ka zagaya shi tukuna. Le Redoutable mita 128 ne, ya fi filin ƙwallon Seyni Kountché tsawo da mita ashirin da wani abu, faɗinsa ya ɗan haura mita 10. Argonaute bai cika mita 50 ba, amma mutum 40 ne suke rayuwa a ciki.

Yadda yake nutsewa kowace mace da ta taɓa kiɗan ƙwarya ta san shi. Ƙwaryar da aka kife a kan ruwa ba ta nutsewa, saboda iskar da ke ciki ba ta da mafita. Huda ta a sama, iska ta fita, ruwa ya shiga ta ƙasa, sai ta tafi. Tankokin nutso haka suke: a ƙasa suna da kafofin shigar ruwa, a sama suna da murafe. Za a nutse, sai a buɗe murafen sama. Za a taso, sai a rufe su a hura iska mai matsi daga manyan kwalabe, ta kori ruwan ta ƙasa. Ka nemi waɗannan kafofi a ƙarƙashin jirgin. Layin ramukan da ke gefen sama kuwa na fatar waje ne, wadda ruwa ke shiga ya fita yadda yake so. Ainihin jikin da mutane suke ciki wani bututu ne mai kauri a can ciki.

Dalilin siffar bututu shi ne matsin ruwa. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara kusan kilo ɗaya a kan wuri mai faɗin farcen yatsa. A mita 100, kowace murabba'in mita na jikin jirgin tana ɗauke da tan 100, nauyin buhun siminti 2,000. Abu mai kusurwa zai lotse, mai zagaye yana raba nauyin. Shi ya sa ƙofofin shiga ƙanana ne masu zagaye, taga kuma babu ko ɗaya.

Ka duba fikafikai a goshi ko a jikin hasumiyar da ke saman jirgin, da na wutsiya. Tankoki suna daidaita nauyi ne kawai, fikafikan nan ne suke karkata jirgin sama ko ƙasa yayin da yake tafiya. Ka ƙare da farfela. Yawan ganyenta da lanƙwasarsu duk don rage ƙara ne, domin in ta juya da sauri tana haifar da kumfa masu fashewa, abokin gaba ya ji daga nesa.

Cikin jirgin

In akwai na'urar bayani ta kunne, ka karɓa. A Le Redoutable zagayen da ita ya ɗan haura rabin awa. Tsani mai tsaye ana sauka ne ana fuskantarsa, hannu biyu a kan ƙarfe, salula a aljihu. Ƙofofin da ke tsakanin ɗakuna suna da dokin ƙofa mai tsayi da rufi gajere: ƙafa ɗaya ta fara wucewa, ka sunkuyar da kai, sannan sauran jiki. Wanda ya kula da kai kaɗai ya buge ƙwauri, wanda ya kula da ƙafa kaɗai ya fito da ƙullutu a goshi. An yi su haka ne don in ruwa ya fasa ɗaki ɗaya a datse shi, sauran su tsira.

Jerin ɗakunan ya danganta da ƙofar da aka shigar da ku, amma abubuwan iri ɗaya ne. A ɗakin torfido, makamin da ake harbawa ta ƙarƙashin ruwa, ka duba bakin bututun harbi, santimita 53 a jiragen Amurka, 55 a tsoffin na Faransa. Kowanne yana da ƙofa biyu, ta ciki da ta teku, da makullin da ke hana a buɗe su tare, don in an yi haka teku ce za ta shigo. Ka lura da gadajen da ke rataye a gefen makaman. A ƙananan jirage gadaje ba su kai yawan mutane ba, wanda ya sauka daga aiki yana kwanciya a shimfiɗar wanda ya tashi, da ɗuminta. Ka ƙirga gadajen da ka gani ka gwada da yawan ma'aikatan da aka rubuta.

Madafa ba ta wuce shagon mai shayi ba, daga nan ake ciyar da kowa. Makewayin yana da jerin famfuna da umarni a bango, domin ana tura ƙazantar waje ne da matsin da ya fi na teku, wanda ya juya famfo ba bisa tsari ba sai ta dawo masa.

Ɗakin umarni, ƙarƙashin hasumiya, shi ya cancanci mafi yawan lokacinka. Ka bar na bayanka su wuce in da hali. Ka nemi madubin leƙe, bututun da ake ɗagawa a ga abin da ke saman ruwa, galibi biyu ne, mai kauri na bincike da siriri na kai hari, wanda kansa ba ya barin babbar alama a kan ruwa. Yana aiki ne kawai in jirgin yana kusa da saman ruwa. Ka nemi agogon zurfi, da allon fitilun da ke nuna ko kowace kafa a rufe take kafin a nutse, da kujerun matuƙa, waɗanda ba su ganin komai sai allura da lamba. In ka ga jar fitila, ta dare ce, don idon mai leƙe ya saba da duhu. Kusa da nan akwai ƙaramin ɗakin sauraro. Sauti yana tafiya mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, a iska kuwa 340, don haka kunne ne idon jirgin. Na'urar tana iya aika ƙara ta jira amsa, amma yin haka tona kai ne, shi ya sa aka fi zama shiru ana sauraro.

A ɗakin inji ne za ka gane bambancin mai gazuwal da mai nukiliya. Mai gazuwal, irin Argonaute da Uluçalireis, injinsa yana buƙatar iska kamar janaretan gida. A ƙarƙashin ruwa sai batir, ɗaruruwan tukwane a ƙarƙashin daɓen da kake takawa. A jiragen zamanin yaƙin duniya na biyu, batirin yana kai kwana biyu in ana rarrafe, in aka sake gudu kuwa awa ɗaya ta cinye shi. Dole a taso a yi caji, ko a ɗaga bututun shaƙar iska, kuma lokacin ne ake kama su. Batirin kansa haɗari ne: yana fitar da iska mai kama wuta yayin caji, in ruwan gishiri ya taɓa shi kuma ya ba da iska mai guba.

Mai nukiliya ba ya buƙatar iskar waje. Tukunyarsa tana zafafa ruwa da yuraniyom, irin ma'adinin da ake haƙa a Arlit tun 1971, shekarar da Le Redoutable ya fara aiki bayan Janar de Gaulle ya ƙaddamar da shi a 1967. Tururin yana juya injin, wutar da aka samu tana tace ruwan sha daga na teku, tana kuma raba ruwa a samu iskar numfashi. Abin da ke dawo da shi gida shi ne ƙarewar abinci da gajiyar mutane, shi ya sa yake da rukunin ma'aikata biyu, shuɗi da ja, kowanne mutum 135, suna karɓa-karɓa, kowace fita kusan wata biyu ko fiye. Kada ka ɓata lokaci neman tukunyar, an yanke wannan yanki bayan ya daina aiki a 1991, an sa fanko a madadinsa kafin a buɗe shi ga jama'a a 2002. Dogon zauren da ke da manyan ganguna 16 a layi biyu shi ne mazaunin makamai masu linzami.

Hannu ya tsaya a kan madafa ta tsani kawai. Makunnai da yawa suna motsi har yanzu, kuma karyewarsu ba ta da madadi. Hoto ba laifi a mafi yawan gidajen, amma a kashe walƙiya, ƙarfe da gilashi suna mayar da ita hoton ya fito fari. A waje kuma a kula: Cherbourg tana da sansanin sojan ruwa mai aiki, inda aka sa alamar hani kada a ɗaga salula.

Malamin da ya zo da ɗalibai ya raba su takwas-takwas ko goma-goma, babba ɗaya a gaba ɗaya a baya, don a cikin jirgi murya ba ta wuce mutum na huɗu. Bayanin a yi shi a waje, da ƙwarya ko gwangwanin tumatir da bokitin ruwa tun a gida in da hali. Kowane yaro a ba shi abu ɗaya da zai nemo: wannan ya ƙirgo gadaje, wannan bututun torfido, wannan ya karanto lamba mafi girma a agogon zurfi. Wanda ya je Cherbourg da niyyar komawa Paris a ranar, ya sayi tikitin jirgin ƙasa na dawowa tun da safe, ya kuma ware awa uku zuwa huɗu ga gidan, tare da tafiyar ƙafa daga tashar zuwa bakin ruwa.